Bindiga Ta Riga Ƙaho

Taubashina ne ya kashe mini uwa. Bai taɓa ta da hannu ba, kuma ba shi ya tura ta cikin ruwa ba. Ya hango gulbi ya taso, ƙahon gargaɗi na rataye a kafaɗarsa, ya ƙi busawa sai da wani babban mutum ya gama harbin namansa. Na faɗa tun daga farko don kada mai karatu ya zaci hirar daɗin zamanin da kawai zan yi masa. Akwai daɗin, zan kuma faɗe shi, amma wannan ne ya sa na ɗauki biro. Karatuna bai yi nisa ba, a aji biyu na makarantar horon malamai na tsaya. Wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri, zai ga dalili a gaba.

Ƙauyenmu yana bakin gulbi a ƙasar Kebbe, in ka bar Fakku ka ɗan miƙa. Gidajen na kan wani ɗan tudu, fadama na shimfiɗe a ƙasa, tsallaken ruwa kuma akwai tsibiri inda tsofaffin mata ke da gayaunin shinkafa. Gabas da mu daji ne baƙi ƙirin, wanda in ka shiga da rana sai ka ji sanyi ya ratsa ka. Abin da ya fi zama mini a kunne daga wancan lokaci shi ne sauti. Da asuba gauraka ke ta da mu kafin ladan, sannan tabarya ta amsa daga gida zuwa gida. Da damina kwaɗi ba su barin mutum ya ji maganar na kusa da shi. Muna tsaron tsuntsaye a kan rumfar kara, muna kaɗa gwangwani muna ihu har murya ta dushe. Muna su da gora, mu kife ciki a kanta mu bi ruwa, mu dawo da tarwaɗa a daure a igiya. Mace ba ta sayen ganyen miya, lalo da rama na nan bakin kowace gona. Yanzu in na je wajen, ƙarar injin ban-ruwa kawai nake ji da ta babura, yara kuma ko iyo ba su iya ba.

Gulbin nan ya ciyar da mu, amma ba mu taɓa sakin jiki da shi ba. Ruwan da ya sauka a kanmu bai cika cin mutum ba, don kowa ya ga hadarinsa. Wanda ake tsoro shi ne ruwan da aka yi can gabas mai nisa, a garuruwan da ba mu taɓa zuwa ba. Sama tana tas a wurinmu, rana na dukan ƙeya, sai ya iso ja wur, yana kumfa, yana ɗauke da kututture da mushen dabbobi. Saboda haka kakanninmu suka kafa gadin ruwa. Akwai wani dutse cikin daji wanda in ka hau kansa kana hango inda gulbi ya karya kwana can nesa. Duk damina mutum ɗaya ke wuni a kansa da ƙahon gwanki. Daga lokacin da ya hango jan ruwa a kwanar zuwa lokacin da zai iso mashiginmu, mace za ta iya tuƙa tuwo ta kwashe. Wannan ya isa kowa ya tsallako da kayansa a kai. Da kaka kowane gida na ba mai gadi dami ɗaya, ba wanda ke jira a roƙe shi. Kakana yakan tara mu ya ce, “In kunka ji ƙahon ga, abin da ke hannunku ku yar. Ko tuwo na a bakinka, tofar ka gudu.” Tun da na yi wayo ana busa ƙahon nan kusan kowace shekara, ban kuma taɓa jin ruwa ya ci mutum a mashigi ba.

Taubashin nawa ɗan gwaggona ne, ƙanwar mahaifina. Ya girme ni da ’yan shekaru. Kamar yadda aka saba tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, kowa na cewa ɗan’uwansa bawansa ne, kuma ba maganar da ba mu gaya wa juna. In ya shigo gidanmu ya tarar ina cin abinci sai ya janye akushin ya ce, “Bawa na ci ubangida na tsaye? Wa ya lalata ka haka?” Ni kuma in ce, “Ci, ai sadaka ce. Gidanku an kwana biyu ba a ɗora tukunya ba.” Inna ta yi dariya ta ƙaro masa miya. Tana son shi ƙwarai, ita ta yi masa goyo lokacin da gwaggo ta yi doguwar jinya. Ni ma ina son shi, ba zan ɓoye ba. Shi ya koya mini iyo. Shi ya ɗauki akwatina a kai har bakin hanya ranar da zan tafi makaranta. Kuma a duk yankin ba wanda ya kai shi sanin daji. In ya dubi sawu zai gaya maka gada ce ko mariri, da ciki take ko ba ciki, jiya ta wuce ko ɗazu.

Sai kuɗin mai suka shigo ƙasa. An yi sabuwar jiha, ko’ina gini, ko’ina kwangila, wanda ka sani da jaki bara sai ka gan shi da babur bana. Mu abin da ya iso mana shi ne turaku masu farin fenti da aka kakkafa a bakin dajinmu. Aka ce ya zama gandun gwamnati, na namun daji ne. Aka gina sansani na zagayayyun ɗakuna da rufin kwano, manya daga birni suna zuwa da Turawa a motoci masu dogayen ƙafafu, wasu su ɗauki hoto, wasu su yi harbi. Mu da aka haifa a wurin aka hana mu shiga. Ba itace, ba zuma, ba gamba ta yin zana. Tsohon da ya kamo zomo sai da ya kwana a ɗaure, baƙo kuwa ya kashe gwanki a ɗora masa a mota ana tafa masa. Dutsen gadi ya faɗa cikin gandun. Taubashina, saboda sanin sawu, aka ɗauke shi aikin yi wa baƙi jagora. Ya samu kaki da takalmi sau-ciki da keke, ya koyi cewa “yassa” yana ƙamewa.

Da damina ta kawo kai dattawa suka taru a zauren liman, don tsohon mai gadi ba shi da ikon hawa dutsen kuma. Shawara ta tsaya a kan taubashina, tunda shi kaɗai ne ɗan gari da ke shiga. Ya ce aikinsa kullum kusa da dutsen yake, don nan ƙasansa tafkin da namun ke sha yake, can yake kai baƙi su laɓe. Liman ya miƙa masa ƙahon da hannu biyu.

“Ka ɗauka?”

“Na ɗauka, malam.”

“Ko kana tare da baƙi?”

“Ko gwamna na a gabana, in niga ruwa sai na busa.”

Mahaifina ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Ɗana, rayukan garin ga na wuyanka.” Da muka fito ya zungure ni da ƙahon ya ce, “Bawa, ka ji ko? Daga yau ko wanka za ka sai ka nemi izinina.” Na ce, “Wanda bai iya hura wuta ba shi anka ba ƙaho. Allah shi kiyaye mu.” Muka yi dariya. Shekarar farko ya busa a kan lokaci, kowa ya tsallako lafiya, da kaka ya karɓi dammansa kamar yadda aka saba.

Shekara ta biyu na zo hutun damina. Ranar da abin ya faru gari ya waye garau. Inna ta ɗaura zane ta ɗauki ƙwarya da ’yar fartanya za ta tsibiri cirar ciyawa. Gayaunar nan don ni take noma ta. Da shinkafar take saya mini sabulu da ƙuli-ƙuli da garin kwaki in zan koma makaranta. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Na ce ta bari in je a madadinta.

Ta ce, “Kai wanga, kai da ba ka bambance shinkafa da ciyawa? Ka tumɓuke min abinci ka bar min haki? Bi babanka tudu.”

Na ce, “Inna, ai an koya muna aikin gona a makaranta.”

Ta ce, “A allo anka koya muku. Akwai fura cikin ɗaki, ka rufe in ka sha, kaji na shiga.”

Wannan ce maganarmu ta ƙarshe. Na bi mahaifina gonar gero. Rana ta take, muna shirin komawa inuwa, sai muka ji ƙarar bindiga daga cikin gandu. Ba mu damu ba, mun saba. Ƙarar ba ta gama mutuwa a kunne ba sai ga ƙaho, ana busa shi a gaggauce, a yayyanke, ba dogon busan da muka sani ba. Mahaifina ya yar da fartanya. Muka zuba da gudu.

Da muka iso gangare ruwan ya riga mu. Matan sun ji ƙaho sun yi abin da aka koya musu tun suna yara, sun yar da komai sun faɗa mashigi. Da ba a busa ba sam, da wataƙila sun ga ruwan da idonsu sun koma tsakiyar tsibiri sun hau bishiya. Amma ƙaho a wurinmu yana nufin akwai sauran lokaci, tsallako. Suna tsakiya ruwan ya same su. Sun riƙe hannun juna a jere, ruwan yana gwiwa, kafin ka ce wani abu ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Maza suka shiga suka riƙa fizgo na gaba. Inna ce ta ƙarshe a layin, don ta tsaya ta tura wata tsohuwa gabanta. Ina ganinta sarai, ɗankwalinta ya faɗi, ba ta ihu. Sai wata bishiya sukutum da saiwoyinta ta taho tana juyawa, ta bugi ƙarshen layin. Hannu ya rabu da hannu. Na yunƙura zan faɗa, mahaifina ya kayar da ni ya danne ni da gwiwa cikin laka. Yana salati, ni ina cizon hannunsa. Da ya sake ni ba abin da ke wurin sai jan ruwa.

Ruwan bai tsaya nan ba. Kwana da kwanaki yana ƙaruwa, ya shanye fadama, ya hau tudun da ko kakanni ba su taɓa ganin ya hau ba. Rumbuna suka jiƙa daga gindi suka zauna. Katangar ƙasa in za ta faɗi ba ta da ƙara sosai, sai ka ji kamar an sauke buhu, ka san gidan wani ya tafi. Muka kwashe yara da awaki muka koma azuzuwan firamare. Maza suka bi gaɓa da kwalekwale har kusa da Jega, duk inda aka ce an ga wani abu ya makale a je a duba. Ba a same ta ba. Ba wanka, ba likkafani, ba kabari. Aka yi zaman makoki a kan tabarmar aro a barandar makaranta. Bayan ruwa ya janye sai zawo da zazzaɓi suka shigo, suka ɗauki yara da dama. Shinkafa ta ruɓe a tsibiri, gero ya yi baƙi. Aka kawo taimako sau ɗaya, barguna da ’yan buhuna, aka ɗauki hoto aka tafi. Daga nan gari ya fara watsewa. Wasu suka nufi Sanyinna wurin dangi, wasu Tambuwal, samari suka yi kudu ci-rani, da yawa ba su dawo ba. Mahaifina ya zama mutumin da ke zaune yana kallon wuri ɗaya. Ga ƙannena ƙanana. Ranar komawa makaranta ta zo ta wuce ina dako a kasuwa.

Taubashina ya zo gaisuwa da kakinsa, ya yi kuka har da majina. Ya ce yana ganin ruwan ya busa, ruwan ne ya zo da gudun da ba a saba gani ba. Dattawa suka ce ƙaddara ce. Na san ƙaddara ce, ni ma Musulmi ne. Amma na ce a gaban kowa, “Mi ya sa bindiga ta riga ƙaho?” Mahaifina ya ja ni bayan aji ya ce, “Ɗan ƙanwata na. Na rasa mata, ba ni rasa ƙanwa. Muddin ina da rai, ko ita tana da rai, kada in ƙara jin wagga magana a bakinka.” Na bi maganarsa. Da salla mukan haɗu da taubashina, ya ce mini bawa, in yi murmushi don idon gwaggo. Na yi shekaru ina wannan murmushin.

Gaskiyar ta same ni a tashar Tambuwal, lokacin na koma yaron mota. Wani direba da ya taɓa aiki a sansanin yana ba da labari a teburin mai shayi, don a yi dariya yake bayarwa, bai san ni ba. Ya ce akwai ranar da suka kai wani babba ya laɓe a ƙasan dutse tun hantsi yana jiran wani ƙaton gwanki. Naman ya fito ke nan yana tafiya a hankali zuwa tafki, sai jagora ya gangaro daga dutsen da sauri, ya raɗa wa babban, “Ranka shi daɗe, ruwa na zuwa, ina son in busa.” Babban bai ko waiwaya ba, ya ce, “In ka kore min naman ga, ka tuɓe kakin nan yau.” Direban ya ce, “Sai ga mutuminku tsaye da ƙaho a baki kamar gunki, kumatu cike da iska, gumi na zuba. Gwankin kuwa ya ƙi matsowa, ya ci nan ya ci can.” Mutane suka fashe da dariya. Wani ya ce, “To, an samu naman?” Ya ce, “An samu, ni ma na ci cinya.” Na ajiye kofin shayina na tashi. Ban zargi babban kamar yadda na zargi taubashina ba. Shi baƙo ne, bai san mashigi ba, bai san wace ce a tsibiri ba, ba kuma shi ya karɓi ƙaho a hannun liman ba.

Yau gandun babu shi. Turakun sun ruɓe, ɗakunan sansani jemagu ke kwana ciki, bishiyoyin an mai da su gawayi an loda a manyan motoci. Yaron da aka haifa yanzu bai san kamannin gwanki ba. Kowa na da waya a aljihu, amma ruwa na zuwa ya ci gari ba wanda ya kira wani, don ba wanda aka ɗora wa, ba kuma wanda ke ganin wuyansa ne. Abokan ajina sun zama shugabannin makarantu, wasu sun yi ritaya suna cin fansho. Ni ina facin taya a bakin titin Sakkwato, ƙarƙashin wata dalbejiya. Mahaifina ya rasu, gwaggo ta bi shi bayan ’yan shekaru. Taubashina ya daɗe da barin kaki, ya shiga sayar da albasa ya yi arziki.

Bara, ana saura kaɗan maniyyata su tashi, wata mota ta tsaya gaban rumfata. Ya fito da farar shadda, ya yi ƙiba, gemu ya yi fari. Ya tsaya yana murmushi.

“Bawa, ubangidanka ya zo ba ka tashi?”

Ina cire ƙusa daga taya, ban ɗaga kai ba. Na ce, “Iska kaka so ko faci?”

Ya zauna a kan bencin da masu babura ke zama, ya naɗe rigarsa. Ya yi ta kewaye-kewaye, iyali, kasuwa, ciwon ƙafa. Sannan ya ce zai sauke farali bana, yana bin ’yan’uwa yana neman gafara kamar yadda aka saba.

Na ce, “Gafarar mi?”

Ya ce, “To, zaman tare. Abin da mutum ya sani da wanda bai sani ba.”

“Ni ba ni yafe abin da ba a faɗa ba. Faɗi sunanshi.”

Ya dubi titi. Wata babbar mota ta wuce, ƙura ta lafa. Da ya buɗe baki muryarsa ta canza. Ya ce, “Na ga ruwan tun yana kwana. Na tsaya. Tsoro niji, taubashi. Yaro nike, ban taɓa samun albashi ba sai lokacin. Na ɗauka naman zai matso da wuri.” Hawaye suka gangaro cikin gemun. Ya ce tun daga ranar bai ƙara cin naman daji ba. Ya ce in na yarda zai yi mata ɗawafi, zai kuma gina rijiya da sunanta.

Na goge hannuna da tsumma, na dube shi ido cikin ido, abin da ban yi ba tun ina saurayi. Na ce, “Ka faɗa, na ji. Karatun da na bari, da dakon da niyi, da bencin ga da kaka zaune a kai, wannan haƙƙina na, na bar maka, je ka da shi. Amma ran nan ba ni ka tsaya kana kallo ba. Matar da ta goye ka ce cikin ruwa. Ba ta ba ni wakilci ba, kuma ba ni da kabarin da zan kai ka ka durƙusa. Ka yi ɗawafinka, ka gina rijiyarka. Ranar da za a tashe mu, gulbi zai maido ta, ina nan tsaye gefenta. Sai ka gaya mata gwankin ne bai matso da wuri ba.”